Wuta Ba Toka: Gardamar Masana Kan Zafin Nukiliya A Cikin Garin Ƙarfe

A watan Mayu na shekarar 2008, Yoshiaki Arata, dattijon farfesa na Jami'ar Osaka a Japan, ya tara masana da 'yan jarida ya nuna musu wata 'yar tukunyar ƙarfe da aka zuba wa gari a ciki. Garin ƙwayoyin faladiyam ne masu faɗin kamar nanomita 5, warwatse cikin sinadarin zirkoniya don kada su manne da juna (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Shi da Yue-Chang Zhang, da suka daɗe suna aiki tare, suka tura iskar diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, cikin tukunyar. Zafi ya tashi, kuma a cewarsu cikin tukunyar ya ci gaba da fin kewayensa ɗumi har wajen kwana biyu, sannan suka sami hiliyam a ciki. Tun daga nan garin ƙarfe ya zama inda masu binciken abin da ake taƙaitawa da LENR, wato aikin nukiliya da ake cewa yana faruwa ba tare da tsananin zafi ba, suka fi ɗora fatansu, kuma a kansa ne nazariyyoyi suka yi ta tsiro, kowace da mai ita da almajiransa. Ra'ayina shi ne yawan nazariyyoyin nan ba ya nuna an kusa gano amsa, yana nuna cewa abin da ake son bayyanawa bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna. Kowace tana warware matsala ɗaya ta ƙara tsananta wata, kuma ba za a raba gardama tsakaninsu da lissafi ba, sai da abin da masanan da kansu suke kira tokar nukiliya. Duk wanda ya ce itace ya ci a murhu dole ya nuna toka gwargwadon wutar da ya ce an yi, kuma haka dokar take ga mai da'awar nukiliya.

Asalin maganar ya girmi wannan nuni na Arata da shekaru 19. A ranar 23 ga Maris, 1989, Martin Fleischmann da Stanley Pons suka sanar a Jami'ar Utah da ke Amurka cewa sun sami zafi fiye da kima yayin da suke cusa diyuteriyam cikin sandar faladiyam ta hanyar ratsa lantarki a ruwa mai nauyi, suka ce cibiyoyin diyuteriyam ne suke haɗewa. Masana fiziks ba su ƙi maganar don girman kai kawai ba, akwai katanga uku a gabanta, waɗanda John Huizenga, ɗaya daga shugabannin kwamitin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa a shekarar, ya kira mu'ujizoji uku. Ta farko, cibiyoyin diyuteriyam biyu suna ture juna domin cajinsu iri ɗaya ne, kuma tsayin wannan katanga ya kai ɗaruruwan dubban ilektaron-bolt (ma'aunin ƙarfi ne), alhali ƙarfin motsin ƙwayar zarra a zafin ɗaki bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na ilektaron-bolt guda ba. Fiziks ɗin kwantam ya yarda ƙwaya ta kurɗa ta cikin katangar da ba ta iya haurawa, amma da Steven Koonin da Michael Nauenberg suka lissafa damar hakan ga diyuteriyam biyu da ke ɗaure da juna a iska, a 1989, sun sami adadin da sai an jera sifiri 63 bayan ɗigo kafin a rubuta lamba ta farko, a kowace daƙiƙa. A cikin faladiyam kuwa tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta cikin iska nisa. Ta biyu, idan diyuteriyam biyu suka haɗe, kusan rabin lokaci tiritiyam da furoton ake samu, ɗaya rabin kuma hiliyam-3 da niyutiron. Hiliyam-4 ba ya fitowa sai kamar sau ɗaya cikin miliyoyi. Wat ɗaya na zafi daga irin wannan haɗewa yana tafe da niyutiron kusan tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, wanda ya isa ya halaka wanda ke tsaye kusa da tukunyar. Ta uku, ko da hiliyam-4 ɗin aka samu, ƙarfin da ke fita, miliyan 23.8 na ilektaron-bolt, yana fita ne a matsayin hasken gama mai ratsa bango, wanda ba wanda ya gan shi daidai da zafin da ake faɗa.

Dalilin komawa ga gari ba ya da wuyar fahimta. Michael McKubre da abokan aikinsa a cibiyar SRI ta Kaliforniya sun ba da rahoton cewa zafin ba ya bayyana sai an cika faladiyam da diyuteriyam har kusan tara ga kowace ƙwayar ƙarfe goma, cikar da ke ɗaukar makonni kuma takan lalace da zarar sandar ta tsage. Ƙwayar nanomita 5 kuwa ƙwayoyin zarra dubu huɗu da ɗoriya ne kawai a cikinta, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zaune a fatarta, iska tana shiga cikin mintoci, kuma ba ruwa ba lantarki da za su rikita awo. Akira Kitamura na Jami'ar Kobe da Akito Takahashi sun maimaita gwajin Arata suka wallafa a 2009. Daga 2015 zuwa 2017 hukumar NEDO ta gwamnatin Japan ta ɗauki nauyin wani aiki da ya haɗa kamfanonin Technova da Nissan da jami'o'in Tohoku, Kyushu, Nagoya da Kobe, inda aka gwada garin faladiyam da nikel, da na tagulla da nikel, a zafin digiri 200 zuwa 300, aka ba da rahoton rarar zafi daga 'yan wat kaɗan zuwa wajen ashirin na tsawon makonni. Ba a ga niyutiron ko hasken gama da ya wuce na yau da kullum ba. Wannan shi ne abin da nazariyyoyin suke fafutukar bayyanawa.

Mazhabar da ta fi kowace tsayawa a kan shaida ita ce ta kariyar ilektaron. Ƙarfe cike yake da ilektaron masu yawo, kuma idan suka taru tsakanin cibiyoyi biyu suna rage ƙarfin turewar. An auna wannan, ba zato ba ne. Ƙungiyar Claus Rolfs a Bochum, da ta Konrad Czerski a Berlin, da ta Jirohta Kasagi a Tohoku, sun harba diyuteriyam mai ƙarancin gudu kan ƙarafa iri-iri suka ga haɗewar ta fi yadda aka zata, kamar an rage katangar da ɗaruruwan ilektaron-bolt, alhali a iska ragin bai kai talatin ba. Har yau ba a gama fahimtar dalilin girman wannan ragi ba, kuma tambaya ce ta gaske da ta cancanci kuɗin bincike. Sai dai tana taɓa katangar farko ce kaɗai. Abin da ke fitowa daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne furoton da tiritiyam da niyutiron da aka saba gani. Haka aka gani a aikin cibiyar Glenn ta NASA da aka wallafa a 2020, inda aka haska gama mai ƙarfi kan erbiyam da titaniyam da aka cika da diyuteriyam, haka kuma a aikin Curtis Berlinguette na Jami'ar British Columbia a Kanada da ya fito a mujallar Nature a 2025, inda cika faladiyam ta hanyar lantarki ya ƙara yawan haɗewa da kashi 15 cikin ɗari, kuma da ƙirga niyutiron aka gane hakan. Akwai ma tsohuwar shaida: Luis Alvarez ya ga haɗewa a cikin haidirojin mai tsananin sanyi tun 1956, inda muwon, wanda ya ninka ilektaron nauyi sau 207, yake jawo cibiyoyi kusa da juna. Wannan haɗewa ce a sanyi ta haƙiƙa, kuma idan aka yi ta da diyuteriyam niyutiron da tiritiyam take bayarwa. Darasin a fili yake: shigar cibiyoyi a hankali ba ya canza abin da za su haifa.

Don haka masu tunani mai zurfi a fagen suka fuskanci katanga ta biyu da ta uku kai tsaye, kuma a nan ne gardamar ta fi daɗi. Julian Schwinger, wanda ya ci kyautar Nobel a 1965, ya kawo tun farko cewa jerin ƙwayoyin ƙarfen da kansa zai iya karɓar ƙarfin haɗewar ya mai da shi girgiza, wato zafi, maimakon ya fita a hasken gama. Peter Hagelstein na jami'ar MIT ya shafe fiye da shekaru talatin yana gina wannan tunani. A ganinsa, idan dukan jerin yana girgiza tare a bugu ɗaya, cibiyoyi masu yawa za su iya musayar ƙarfi da wannan girgiza, a ɓalle babban dunƙulen miliyan 24 zuwa ƙananan ɓarɓashi. Girman aikin sai an sa lamba ake ganinsa. Kowane bugun girgizar ƙarfe yana ɗauke da 'yan kasonni cikin ɗari na ilektaron-bolt guda, ke nan sai an raba dunƙulen gida ɗaruruwan miliyoyi a lokaci ɗaya. Sannan cibiyar da ta cika da ƙarfi takan fashe cikin wani ɗan lokaci da ko haske bai isa ya ratsa kashi ɗaya cikin dubu na tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfe biyu ba, to ta yaya maƙwabta za su san an yi wani abu har su karɓi kaso? Akan kawo abin da Rudolf Mössbauer ya gano a matsayin misali, inda jerin ƙwayoyi yake karɓar bugun cibiya gaba ɗaya, amma a can jerin yana karɓar ɗan jan baya ne kawai, hasken gaman yana fita da ƙarfinsa cif. Amsar Hagelstein ita ce ba a bi ta wannan matakin fashewa ko kaɗan a lissafinsa, musayar tana tafiya ne a hankali tsakanin cibiyoyi da yawa. Ina ganin girman wannan aiki, domin bai ɓoye wahalar ba, ya sha jefar da nasa lissafin da hannunsa idan ya gaza, kuma nazariyyarsa tana faɗin abin da za a iya aunawa, kamar motsa wata cibiya da girgiza zalla. Amma tana da wata matsala da garin nano musamman: tana buƙatar ƙwayoyi masu ɗimbin yawa su yi aiki tare, ƙwayar gari kuwa 'yan dubbai ce kawai. Idan aka zuba miliyan 24 na ilektaron-bolt a kan ƙwayoyin zarra dubu huɗu, kowace za ta sami dubban ilektaron-bolt, alhali 'yan ƙalilan sun isa su raba ta da 'yan'uwanta. Ƙwayar za ta tarwatse ne a haɗewa ta farko.

Nazariyyoyi biyu an ɗinka su ne daidai jikin garin. Yeong Kim na Jami'ar Purdue ya ce diyuteriyam da ke tsare cikin ƙwayar nano suna iya faɗawa cikin yanayin kwantam guda, wanda ake kira dunƙulewar Bose da Einstein, ta yadda turewar za ta yi sauƙi kuma dukansu su raba ƙarfin haɗewar. Abin da ke gabansa shi ne an fara samun irin wannan dunƙulewa a iska ne a 1995, a sanyin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na digiri sama da ƙarshen sanyi ba, kuma da ƙwayoyin da ba su da caji. Bisa ɗabi'arta sanyi take so, rahotannin Japan kuwa suna cewa rarar tana ƙaruwa ne idan aka ƙara zafi. Takahashi shi kuma ya ce diyuteriyam huɗu da ilektaron huɗu ne suke haɗuwa a wata siffa mai kusurwa huɗu a 'yan ramukan da ke fatar ƙwayar, su rufta ciki lokaci guda, su zama beriliyam-8, shi kuma ya rabe hiliyam biyu. Dabara ce mai kyau, domin ta kawar da niyutiron da gama a bugu ɗaya. Amma hiliyam biyun za su fito ne da miliyan 47.6 na ilektaron-bolt a tsakaninsu, kuma Hagelstein, wanda ɗan gida ne a fagen, ya nuna a 2010 cewa hiliyam mai gudu zai yi ta bugun diyuteriyam da ke kewaye, su kuma su haifar da niyutiron da za a gani. Daga ƙarancin niyutiron da aka auna ya lissafa cewa hiliyam ɗin ba zai fito da fiye da kamar dubu 20 na ilektaron-bolt ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na abin da ake tsammani. Wannan iyaka, a ganina, ita ce sakamako mafi amfani da masu nazariyya na fagen suka taɓa samarwa, domin ta rushe duk wani bayani da ke sakin ƙwaya mai gudu. Daga baya Takahashi ya ƙara wa nasa bayanin hanyar sakin ƙarfin ta ƙananan haske masu yawa, wanda ya mai da shi gaban katangar da Hagelstein yake fama da ita.

Allan Widom da Lewis Larsen, a takardarsu ta 2006, sun kauce wa katangar farko gaba ɗaya. Sun ce ba haɗewa ake yi ba. A fatar ƙarfe, inda ilektaron da furoton suke kaɗawa tare, wasu ilektaron suna yin nauyi har su shige cikin furoton su zama niyutiron mai tafiyar hawainiya, shi kuwa niyutiron ba shi da caji, kowace cibiya za ta haɗiye shi. Wannan bayani ya sami karɓuwa domin yana aiki da haidirojin na gama-gari, yana son fata mai yawa irin ta gari, kuma yana ba da dalilin rahotannin canjin wani sinadari zuwa wani. Kuɗinsa dai yana da yawa. Niyutiron ya fi furoton da ilektaron a haɗe nauyi, sai an biya gibin dubu 780 na ilektaron-bolt, ilektaron ɗin ya ninka nauyinsa sau biyu da rabi, a wurin da ƙarfin da aka sani bai wuce 'yan ilektaron-bolt ba. Wasu masana a Rum, cikinsu har da Luciano Maiani, tsohon shugaban cibiyar CERN, sun sake lissafin a 2012 suka sami cewa niyutiron da za a samu ba su kai a ambata ba. Ko an bar lissafi, sinadarin da ya haɗiyi niyutiron yakan koma mai fitar da haske na tsawon sa'o'i ko kwanaki. Wannan sanannen abu ne da ake amfani da shi kullum, kuma a kansa ne aikin na'urar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya dogara tun 2004: a sa samfuri ya sha niyutiron, a fito da shi, a karanta hasken gaman da yake fitarwa a gane abin da ke cikinsa. Garin da ya sha niyutiron da suka isa su ba da wat goma na makonni ba zai taɓu da hannu ba. Widom da Larsen sun ce ilektaron masu nauyin suna shanye gaman, amma wannan kariya ba za ta bi garin zuwa waje bayan an kashe gwaji ba.

Edmund Storms, wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na Los Alamos, ya bi ta wata hanya, ya fara da tambayar a ina abin yake faruwa. Amsarsa ita ce a cikin 'yan tsaguwa masu faɗin nanomita, inda haidirojin ke jeruwa layi ɗaya yana sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan kafin ya haɗe. Tambayar tana da kyau, domin tana bayyana dalilin da ya sa samfuri biyu daga ƙarfe ɗaya suke ba da sakamako daban. Amma bayanin ba shi da lissafin da za a kama shi da shi, kuma idan gwaji ya gaza za a ce tsaguwar ba ta yi daidai ba. Nazariyyar da rashin nasara ba ya taɓa ta ba za ta koya mana komai ba.

Akwai wata matsala da ta shafe su duka, kuma ina ganin ba a ba ta nauyin da ta cancanta. A 1989 haidirojin na gama-gari shi ne gwajin kwatance. Idan diyuteriyam ne ke haɗewa, ruwa mara nauyi bai kamata ya ba da komai ba, kuma wannan ne masu suka suka matsa wa Fleischmann da Pons su nuna. Amma tun 1994 Sergio Focardi da Francesco Piantelli a Italiya suka ce nikel da haidirojin na gama-gari ma suna ba da zafi, kuma aikin NEDO ya ba da rahoton rara da iskar iri biyu. Ta fuskar nukiliya kuwa waɗannan biyu ba su da kama ko kaɗan. Haɗewar furoton biyu tana da jinkirin da a tsakiyar rana ma furoton yakan jira biliyoyin shekaru, kuma cibiyar nikel tana da caji 28, katangarta ta fi ta diyuteriyam nesa ba kusa ba. Ta fuskar kemistiri kuwa kusan abu ɗaya ne. Idan abubuwa biyu da suka bambanta a nukiliya amma suka yi kama a kemistiri suka ba da sakamako iri ɗaya, hankali ya fi karkata ga cewa kemistiri ko na'urar awo ce ke magana.

Wannan ya kawo mu ga nazariyyar da ba a cika lissafa ta cikin jerin ba, alhali ita ma nazariyya ce mai hasashen da ake iya gwadawa: cewa zafin na kemistiri ne da kuskuren awo. Abubuwan da suka sa gari ya zama abin sha'awa su ne suka sa ya zama wurin ruɗi. Garin faladiyam yakan zo da tsatsa a fatarsa, iskar farko da ta shiga takan haɗu da oksijin ɗin da ke cikin tsatsar ta zama ruwa ta ba da zafi, kuma ta sa a zaci garin ya sha iska fiye da yadda ya sha. Awon da masana kemistiri suka yi ya nuna ƙananan ƙwayoyin faladiyam sukan riƙe haidirojin ƙasa da na dunƙulen ƙarfe, akasin abin da aka gina fata a kai. David Kidwell na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka, da Olga Dmitriyeva da abokan aikinta a Kolorado, sun nuna cewa diyuteriyam yana musayar wuri da haidirojin na ruwan da ke maƙale a jikin sinadarin da ke riƙe da garin, kuma musayar tana ba da zafi. Ƙungiyar Dmitriyeva ta ƙara da nuna cewa idan aka jiƙa garin da ruwa mai nauyi tun farko abin yana juyewa. Ga kuma awo: yadda gari ke watsa zafi yana canzawa sosai idan aka sa masa haidirojin, don haka ma'aunin da ke soke a ciki yana iya hawa ba tare da an ƙara ko wat ɗaya ba. Masu rahoton rara suna amsawa cewa jimillar zafin makonni ta wuce duk abin da kemistiri zai iya bayarwa, kuma gaskiya ne kemistiri yana ƙarewa. Amma kuskuren awo ba ya ƙarewa. Tukunyar da ake ɗumamawa da wat ɗari ko fiye, idan awonta ya karkace da 'yan kasonni cikin ɗari, zai tara jimilla mai ban mamaki cikin wata guda.

Masu kare fagen suna da hujjoji da bai kamata a raina ba. Suna cewa an gano wayar da ke ɗaukar lantarki ba turjiya a 1911, ba a sami bayaninta ba sai 1957, don haka rashin nazariyya ba ya soke gaskiyar gwaji. Haka ne, amma a can duk mai hiliyam na ruwa yana iya ganin abin da idonsa, kuma da aka gano irinta mai jure ɗumi a 1986, ɗakunan gwaje-gwaje a nahiyoyi daban-daban sun tabbatar cikin watanni. Abin da ya rage a nan shi ne samfurin da za a aika wa mai shakka ya yi aiki a hannunsa. Suna kuma kawo aikin Melvin Miles a China Lake, wanda tun 1991 ya sami hiliyam a lokutan da aka ga zafi, da adadin da ya yi kusa da lissafi. Wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da fagen yake da ita, kuma ita ce irin shaidar da ta dace. Rauninta shi ne hiliyam ɗin bai kai wanda ke cikin iskar da muke shaƙa ba, kashi 5 da ɗoriya cikin miliyan, hiliyam kuma yana ratsa gilashi, sannan nauyinsa da na diyuteriyam biyu a ɗaure sun yi kusa har sai na'ura mai kaifi take raba su. Haka rahoton Yasuhiro Iwamura na 2002, daga kamfanin Mitsubishi, cewa siziyam ya koma faraseyodimiyam a cikin siraran shimfiɗun faladiyam. Masu binciken Toyota sun ga sinadarin a 2013, amma ƙasa ƙwarai da yadda ya gani, a adadin da gurɓata kaɗan za ta iya kawowa. Suna kuma kukan cewa an toshe musu ƙofa, kuma akwai gaskiya a ciki, domin Schwinger da kansa ya fice daga ƙungiyar masana fiziks ta Amurka saboda yadda aka yi da takardunsa, kuma tsoron zubewar mutunci ya kori matasan masu bincike daga tambayoyi na halal. Sai dai an buɗe ƙofar fiye da sau ɗaya. A bitar Ma'aikatar Makamashi ta 2004 masu duba 18 sun rabu kusan biyu kan zafin, mafi yawansu ba su gamsu cewa na nukiliya ne ba. Daga 2015 kamfanin Google ya kashe wajen dala miliyan 10 a kan masana kusan talatin da suka shiga da niyyar gani, suka gwada garin ƙarfe da haidirojin sau 420 ba su sami rara ba, ko da yake sun faɗa a fili cewa ba su iya riƙe cikar faladiyam da ake cewa ana buƙata ba, don haka ba su rufe maganar ba.

Abin da zai raba gardamar ba ya wuce ƙarfin ɗakin gwaji mai kyau, domin nazariyyoyin sun saɓa a kan toka. Idan Hagelstein ko Kim ko Takahashi ne ke da gaskiya, wat 10 na tsawon wata guda daga diyuteriyam zai bar hiliyam da, a tukunya mai lita ɗaya, zai ninka na iskar waje wajen sau 50, adadin da ɗigar iska daga waje ba za ta taɓa kawowa ba. Idan Widom da Larsen ne, rabon ire-iren nikel ko faladiyam na cikin garin zai karkata zuwa masu nauyi, kuma garin zai fito yana haske. Idan kemistiri da awo ne, rarar za ta ɓace da zarar an gasa garin an fitar da ruwansa an kuma auna da ma'auni iri biyu masu aiki daban. Hukumar ARPA-E ta Amurka ta raba dala miliyan 10 ga ƙungiyoyi takwas a 2023, Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin ayyukan CleanHME da HERMES daga 2020, kamfanin Clean Planet ya yi aiki da Iwamura kan shimfiɗun nikel da tagulla. Duk mai ba da irin wannan kuɗi ya kamata ya sa sharaɗi tun farko: mai nazariyya ya rubuta tokar da yake tsammani da adadinta kafin a kunna na'ura, a raba garin gida biyu, a aika wa wani ɗakin gwaji wanda aka yi amfani da shi da wanda ba a taɓa ba, ba tare da an gaya masa wanne ne wanne ba.